Yadda Ake Gane Guguwar Teku da ke Saukowa daga Sama

Yawancin manyan guguwowin Tekun Atlantika daga wajenmu suke samun iri, wato daga jerin hadarin da ke ratsa Najeriya da Nijar zuwa yamma kowane kwana uku zuwa biyar a lokacin damina, har ya faɗa teku ta gaɓar Senegal. Akwai kuma wata hanya da ba a cika magana a kanta ba, inda guguwar ke fara rayuwarta a can sama, kimanin kilomita 10 zuwa 12 daga doron ruwa, a matsayin kewayen iska mai sanyi da ƙarancin matsi, sannan ta sauko. Duk mai waya da intanet a Jos zai iya bin wannan sauyi da idonsa.

Mataki na farko shi ne neman kewayen a inda yake. A manhajar taswirar yanayi irin su Windy, a bar iskar ƙasa a zaɓi matakin hektofaskal (ma'aunin matsin iska) 250 ko 200, wato wancan tsayi na kilomita 10 zuwa 12, a duba tsakiyar Atlantika ko arewa maso yammacin Fasifik. Abin da ake nema shi ne iska mai juyawa saɓanin hannun agogo. Daga nan sai a sauko zuwa mataki na 850, wanda bai fi tsayin tudun Jos da yawa ba. Idan juyin ya yi rauni ko ya ɓace a nan, to kewaye mai sanyin ciki ne, domin irinsa ya fi ƙarfi a sama. James Sadler na Jami'ar Hawaii ne ya yi fice wajen bayyana yadda irin waɗannan kewaye ke haifar da guguwa a Fasifik.

Na biyu, a duba ɗumin ruwan da ke ƙarƙashinsa. Ƙa'idar da aka saba ita ce sai ruwa ya kai digiri 26.5 a ma'aunin Salshiyos guguwa ke haɗuwa, amma a nan akwai sassauci, domin abin da ke ingiza hadari shi ne tazarar da ke tsakanin ɗumin ƙasa da sanyin sama. Mutumin Filato ya san wannan a aikace: rana ta gasa duwatsu, sanyi yana sama, da la'asar sai ga hadari har da ƙanƙara. Idan saman ya yi sanyi ƙwarai, ruwan da bai kai wancan ɗumi ba ma yana iya wadatarwa.

Mataki na uku shi ne wanda ya fi cancantar haƙuri, kuma a ganina a nan ne duk maganar take. A koma ga hoton tauraron ɗan'adam a lura da inda gizagizan tsawa suke taruwa. Da farko sukan tsaya nesa da tsakiya, galibi a gefen gabas, tsakiyar kuma fayau. Duk lokacin da tururin teku ya hau ya zama ɗigon ruwa, yana sakin zafin da ya ɗauko, kuma wannan zafi ne ke cinye sanyin kewayen kaɗan-kaɗan. Yayin da ginshiƙin iskar ke ɗumama, nauyinsa kan ragu, matsi ya faɗi a doron teku, iska mai laima ta kwararo daga kowane ɓangare ta ƙara wa hadarin abinci. Idan abin ya ɗore kwanaki, juyin sama kan mutu, na ƙasa ya yi ƙarfi, gizagizai su rufe tsakiya, iskar can sama kuma ta koma bazuwa waje. Ciki mai sanyi ya zama ciki mai ɗumi ke nan. Kafin a kai nan akan ratsa wani zango da guguwar take rabi da rabi, iskarta mafi ƙarfi tana nesa da tsakiya.

Sai a auna saɓanin iskar sama da ta ƙasa. Idan bambancin gudunsu ya wuce kimanin mita 10 a daƙiƙa, yakan karkatar da ginshiƙin kamar yadda iska ke kwantar da hayaƙin murhu, zafin ya watse. Wannan ne ke kashe mafi yawan irin waɗannan kewaye, kuma sau da yawa su kansu ne ke wargaza guguwar da ta matso kusa da su. A kuma tabbata wurin ya yi nisan aƙalla digiri 5 daga layin Ikwaita, domin kusa da shi juyawar duniya ba ta iya murɗa iska, abin da ke cikin dalilan da suka sa gaɓar Najeriya ba ta ganin irin wannan guguwa.

Daga ƙarshe, idan a Atlantika ne, a gwada abin da aka gani da sanarwar Cibiyar Guguwa ta Amurka da ke Miami, wadda ke fitowa kowane awa shida a kakar guguwa, daga Yuni zuwa Nuwamba. Idan iska ta kai kilomita 63 a awa sai a raɗa wa guguwar suna, a kilomita 119 kuma ta zama mahaukaciya.

Kada a raina mai fitowa ta wannan hanya. Guguwar Joaquin ta 2015 daga kewayen sama ta faro a kudu maso yammacin tsibirin Bamuda, ta kai mataki na huɗu cikin matakai biyar na ƙarfin mahaukaciyar guguwa a tsibiran Bahamas, ta nutsar da jirgin dakon kaya El Faro ranar 1 ga Oktoba da mutum 33 a cikinsa. Daniel kuwa, wadda ta fara a matsayin kewaye mai sanyi a yankin Girka, ta tara ɗumi a Bahar Rum, kuma ruwanta ne ya fasa madatsun ruwa biyu na Darna a Libiya cikin Satumban 2023, dubban mutane suka rasu.