Darasi: Yadda Ake Rubuta Labarin Ruwa, Bishiya da Tsuntsu a Tashar Nazarin Muhalli

Tashar nazarin muhalli wuri ne da ake auna abu ɗaya, a wuri ɗaya, ta hanya ɗaya, shekara da shekaru. Dattawan Daura suna tuna farin 1973 da na 1984, amma in an tambayi yawan ruwan da ya sauka a ƙauyensu, sai an koma ga rubutu. Masana yanayi sukan tara bayanin shekara 30 kafin su ce ga yadda damina take a wuri.

A fara da ma'aunin ruwan sama. Kayansa uku ne: mazurari, kwalbar da ruwa ke taruwa, da gilashin awo mai zanen milimita. A kafa shi a fili, bakinsa a daidaice, kada ya karkata. Nisansa da bishiya ko katanga ya kai aƙalla ninki biyu na tsayinta, domin ganye yana tare ruwa, ko ya ɗigo da ƙari. A kewaye shi da waya saboda awaki da yara.

Ana dubawa kowace safiya a lokaci ɗaya. A juye ruwan cikin gilashin, a ɗaga shi daidai ido, a karanta ƙasan lanƙwasar ruwan. Milimita 1 daidai yake da lita 1 a kan fili mai mita 1 tsawo, mita 1 faɗi. In aka bari sai azahar, rana ta shanye wani abu, lissafi ya ragu. Lokacin hunturu ƙura da gizo-gizo suna toshe mazurari, sai a wanke shi kafin ruwan farko.

Ga kuskuren da ya fi ɓata aiki. Ranar da aka duba ba a sami ruwa ba, a rubuta 0. Ranar da ba a je ba, a ja layi, a rubuta "ba a duba ba". Kada a cike gurbi da ƙiyasi. Wanda zai karanta kundin bayan shekara 20 ba shi da hanyar gane ƙiyasi daga awo.

Bishiya kuwa sau ɗaya a shekara ta isa. A ba kowace bishiya lamba da fenti, a auna kewayen gangar jikinta a tsayin mita 1.3 daga ƙasa, a shafa alama a wurin don baɗi. A rubuta in an sare reshe. Gawo yana zubar da ganye da damina, kada a sa shi cikin matattu.

Ƙirgar tsuntsaye da sassafe ake yi, bayan fitowar rana. A tsaya a turke ɗaya minti 10, ba magana, a ƙirga abin da aka gani ko aka ji. Wanda ya tashi ya dawo, ɗaya ne. In akwai hazo a rubuta, tunda yana rage gani. A kula musamman da ranar da shamuwa ta fara bayyana, da kuma ungulu, wadda ta yi ƙaranci a mahautanmu.

A yi rubutu da fensir, tawadar biro tana narkewa in takarda ta jiƙe. Ƙarshen kowane wata a kwafe kundin, a ajiye na biyu a akwatin ƙarfe saboda gara.

Aiki: ku zana shafi mai gida huɗu, kwanan wata, lokaci, milimita da sunan mai dubawa, ku cike na mako guda.