Yadda ake shirya wasan kwaikwayo da waƙa a makarantun unguwannin Hausawa a Sudan

Duk ustazun da ya koyar a unguwannin Hausawa na Gadarif, Kasala ko Sinnar ya san wannan: yaro da Hausa ya tashi, a aji a ce ya yi magana da Larabcin littafi, sai ya yi gum. Wasan kwaikwayo ya fi bulala buɗe bakin irin wannan yaro. Kuma ba baƙon abu ba ne a ƙasar, tun 1969 aka buɗe cibiyar koyar da kiɗa da wasan kwaikwayo a Hartum.

Kafin ka tara yara, fara zuwa wurin mudir, wato shugaban makaranta, da majalisar iyaye, da rubutaccen wasan a hannu. In da hali liman ma ya gani. Mutanenmu jikokin mahajjata ne da almajirai, da yawa ba sa son jin an haɗa makaranta da ganga, amma in sun karanta da idonsu sukan sauko. Ka tabbatar musu ba wanda zai fito a matsayin Annabi ko sahabi.

Sai labari. Ɗauko shi daga darasin da ake ciki, tarihi ya fi daɗi. Ga na gida: a 1903 aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a yaƙin Burmi, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jama'a gabas har suka zauna a bakin kogin Shuɗin Nilu, a garin da ke ɗauke da sunansa har yau. Tura yara su tambayi kakanninsu yadda nasu zuwan ya kasance, a ƙafa ko a kan jaki, a ina aka tsaya noman damina don samun guzuri. Abin da suka kawo shi ne zancen wasan. Amma yaƙin kansa bar shi a bakin mai ba da labari. Yaran da suka ga yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 ba sa bukatar bindigar kara.

Raba harsunan da gangan. Mai ba da labari ya yi fusha, wato Larabcin littafi, 'yan wasa su yi Hausa, in sun iso kasuwa a cikin labarin su koma Larabcin Sudan. Ɗan da ya fi kowa shiru, ba shi layi biyu na fusha, kada ka jibge shi cikin 'yan amshi.

Waƙa ba ta da wuya. Dalluka ɗaya, wato gangar Sudan, ta isa, in babu a kifa jarka. Karin Sudan da namu duk a kan amo biyar suke tafiya, shi ya sa baitin Larabci ke hawa amshin Hausa lafiya lau.

Gwaji kuwa, minti 15 bayan fatur, wato karin kumallo, ya fi awa biyu ranar Alhamis. Tsaya can jikin katangar baya. In ba ka ji yaro ba, iyaye ma ba za su ji ba. Kayan sawa a aro daga gida: jallabiya, rawani, tob (lulluɓin mata), buta, sai angareb (gadon igiya) ɗaya ya zama gadon sarki. Gwada fitowa ɗaya a taron safe tukuna, sannan ka gayyaci iyaye bayan la'asar, a tashi kafin magariba.