Yadda ake ɗinka jakar atamfa mai zif da shafi

Salamu alaikum 'yan uwa. Wannan bayanin na wadda ta riga ta iya taka keke ce har tana fitar da layi a miƙe, don ba zan tsaya koya sa zare ko naɗa kwarkwaro ba. Jakar da za mu yi irin wadda yara ke rataya zuwa Islamiyya ce, tana cin Alƙur'ani izu sittin da littafan rubutu, kuma babba ma za ta iya fita unguwa da ita ba kunya.

Yadi 1 na atamfa ya isa har da hannaye, tunda yadi inci 36 ne, faɗin atamfa kuma yakan kai wajen inci 45. Don haka ba sai kin fasa sabon turmi ba, ragowar ɗinkin sallah ma ya wadatar, in kuma babu ki tambayi telan unguwarku, da yawansu shara suke yi da guntaye. Sai shafi rabin yadi, gam (wato yadin da ake mannawa a bayan atamfa da dutsen guga don ta tsaya) rabin yadi, zif, zare, fil, alli, tef da almakashi mai kaifi. Duk akwai su a nan Gombe a Babbar Kasuwa wajen masu kayan teloli, a Tsohuwar Kasuwa ma ana samu. Ba zan faɗi kuɗi ba don kafin ki karanta ya canza, amma in za ki yi da yawa ki sayi zif ɗin da ake aunawa da yadi, ki sayi kawunan daban, ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Zif kuma lamba 5 na roba za ki ce a ba ki, wannan siririn lamba 3 na riga da siket ne, jakar yaro ba ta wata biyu da shi. Na ƙarfe ni ba na so sam, karya allura yake. Allura ki sa lamba 16, lamba 14 tana wahala in an zo wajen kauri.

Shafi don Allah kar ki sa wannan mai santsin na cikin doguwar riga, zamewa yake a ƙarƙashin keke kuma bakin fensir ma huda shi yake. Yadin auduga mara kauri ko wata tsohuwar atamfa mai haske ya fi, mai haske saboda in kin leƙa cikin jaka ki ga abin da kike nema.

In atamfar sabuwa ce ki wanke ta tukuna ki goge, auduga ce tana tsukewa in ta sha ruwa, ga kuma sitacin da ke jikinta yana hana gam kamawa da kyau.

Yanka. Ki fitar da atamfa guda 2, kowanne faɗi inci 17 tsayi inci 15. Shafi ma guda 2, faɗin daidai da na atamfa amma tsayin ki rage rabin inci, wato 14 da rabi, in ba haka ba zai taru a gindin jaka ya yi ta tattarewa. Gam guda 2, shi kuma ki rage masa rabin inci ta kowane gefe don kar ya shiga cikin ɗinki ya ƙara miki kauri. Hannaye guda 2, faɗi inci 4 tsayi inci 24. Ki lura da zanen atamfar, in mai fulawa ce ko tsuntsu da ke kallon sama to duka biyun su kalli sama, yaran da nake koya wa a nan Pantami sun sha yanka ɗaya a tsaye ɗaya a kife sai an gama a gani. Sannan a kusurwoyin ƙasa na atamfa da shafi, duka, ki auna inci 1 da rabi ta kowane ɓangare ki yanke ɗan murabba'i ki cire. Shi ne zai ba jakar gindi mai faɗin inci 3. Alawans ɗin ɗinki, wato ratar da ake bari tsakanin ɗinki da bakin yadi, rabin inci ne ko'ina sai wajen zif.

Gam ba irin mai kama da takarda ba, wannan na wuyan riga ne, ba ya tsayar da jaka. Ki nemi mai ɗan kauri irin wanda ake sa wa kwalar kaftani, ko mai laushi kamar soso in kina son jakar ta yi taushi. Gefen da ke ƙyalli ko yake da ƙurji-ƙurji shi ne mai manne, shi zai kalli bayan atamfa. Ki shimfiɗa wani ƙyalle a kai, ki ɗora dutsen guga ki danne, ki ƙirga kamar 10 zuwa 15, ki ɗaga ki matsa gaba. Dannawa ake yi ba gogawa ba, in kika ja dutsen gam ɗin zai goce ya yi kumfa-kumfa a fuskar jaka. In an ɗauke wuta na gawayi ma yana yi, har ya fi nauyi, sai dai ki kula da toka da yawan zafi. Ki bar shi ya huce a shimfiɗe kafin ki ɗaga.

Hannu ba wuya. Ki ninka shi biyu a tsaye ki goge, ki buɗe, ki kawo gefe da gefe su haɗu a layin tsakiya, ki sake ninkawa, ya zama inci 1, ki bi gefe biyun da ɗinki. Ki nemo tsakiyar atamfa ta sama, ki auna inci 3 hagu inci 3 dama, ki sauko inci 3 daga baki, nan za ki kafa hannun, ki lanƙwasa bakinsa ciki ki yi masa ɗinkin akwati da gicciye a tsakiya. Layi ɗaya ba ya riƙe nauyin littafai. In kina son aljihu a ciki yanzu ne za ki ɗinka shi a jikin shafi, bayan nan babu dama.

To ga inda ake faɗuwa, wajen zif. Kusan duk wadda ta kawo min jaka ta ce Anti duba min, matsalar a nan take, ko zif ya yi tudu da kwari, ko shafi ya fito ta baibai, ko gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Ki yanko zif ɗin ya fi faɗin jakar, kamar inci 20, ya yi rara ta kowane gefe. Amfanin rarar shi ne ki ture kan zif ɗin can waje, ba zai tare wa ƙafar keke hanya ba, don yawancin karkacewar da kike gani a ɗinkin zif daidai inda aka zo kewaye kan ne.

Jerin shi ne kamar haka kuma kar ki canza. Atamfa a ƙasa fuskarta na kallon sama. Zif a kanta a kife, wato haƙoransa da kansa suna kallon fuskar atamfa, gefensa daidai da bakin atamfa na sama. Sai shafi a kai shi ma a kife. Zif ya shiga tsakiya kenan, fuska da fuska sun rufe shi. Kafin ki taka, ki kama bakin da yatsu ki buɗe ki gani, in kika ga fuskar atamfa da kan zif suna kallon waje ɗaya to daidai ne. Wannan dubawar ta minti ɗaya ita ce ke raba ki da zaman farka da reza.

Dalilin da ya sa zif ke yin tudu kuwa, keke ba ya jan yadi daidai. Haƙoran keke da ke ƙasa suna jan na ƙasa da sauri, ƙafar da ke sama kuma tana tura na sama gaba, to in kin jera abu uku ba ki kafe su ba kafin ki kai ƙarshe shafi ya wuce atamfa da kusan rabin inci. Sai mai koyo ta ga haka ta fara jan zif da hannu wai tana daidaitawa, zif ya miƙe a ƙarƙashin allura, ana sakinsa ya koma ya tattare atamfar. Kar ki ja komai. Ki sa alamar tsakiya a atamfa da zif da shafi da alli, ki haɗa alamomin, ki kafa fil daga tsakiya zuwa gefe. Ni dai a wajena sabuwar hannu ba ta taka zif sai ta fara bin sa da allurar hannu, manyan taku, atamfa da zif kawai, sannan ta ɗora shafi. Suna ƙorafi wai ɓata lokaci ne, amma ban taɓa ganin wadda ta yi haka zif ɗinta ya karkace ba. Masu cewa a shafa gam na ruwa a manne, yana yi, sai dai yana ɓata allura ya riƙa tsinka zare.

In kina da siririyar ƙafar zif ki sa ta, tana hawa Butterfly da Singer na gida, kuma ba ta da tsada. In babu, ƙafar da kike da ita ma za ta yi, ki jingina gefenta da tudun haƙoran da kike ji a ƙarƙashin shafi ki bi shi a hankali. Ki bar kamar kwatan inci tsakanin ɗinki da baki. Kar ki matse wa haƙora sosai don neman kyau, kan zif na buƙatar hanyar wucewa, in kin matse zai riƙa cin yadi.

Kin gama wannan layin, ki juya atamfa da shafi su koma baya da baya, zif ya fito, ki goge da dutse mara zafi sosai tunda haƙoran roba ne suna narkewa, sai ki bi ta sama da ɗinki kusa da baki ki danne atamfa da shafi tare. Masu tsallake wannan su ne za ki ga shafi na shiga bakin zif kullum ana fama.

Gefe na biyu haka za ki maimaita, kuma a nan ne kai ke juyewa. Atamfa ta biyu a ƙasa fuska sama, ki ɗauko wancan da kika gama ki kifa shi a kai yadda atamfa za ta kalli atamfa, sai shafi na biyu a sama yana kallon shafin farko. Ki tabbata gefunan hagu da dama sun hau kan na farko daidai, ba bakin zif kaɗai za ki duba ba. Ki fara ɗinkin daga gefen da kika fara na farko ko da zai sa ki juya aikin, in an ɗan samu gocewa sai su goce tare.

Yanzu ki jawo kan zif ya shigo cikin jaka, ki buɗe shi fiye da rabi. Ki buɗe shi, na sake faɗa, don in kika zagaye jaka da ɗinki zif na rufe ba ta inda za ki juyo ta. Bakin da ya buɗe ki haɗa shi ki taka 'yan taku a kai ya tsaya. Kuma kar ki yanke rarar zif kan yana waje, in ya fita mayar da shi sai an sha wuya.

Sauran mai sauƙi ne. Atamfa da atamfa fuska da fuska, shafi da shafi, hannaye ki cusa su ciki kar ɗinki ya kama su, haƙoran zif ki lanƙwasa su su kalli ɓangaren shafi. Ki ɗinke gefuna da ƙasa, ban da kusurwoyin da kika yanke, a ƙasan shafi kuma ki bar ƙofa inci 6. In kin zo kan zif ki sauke ƙafa daga feda ki juya keken da hannu har ki wuce, ki yi ribas ki sake bi. Yanzu ki yanke rarar zif. Kusurwa kuma ki buɗe ta ki haɗa ɗinkin gefe da na ƙasa su hau kan juna, ki taka a miƙe, guda 4 ne duka.

Ki zura hannu ta ƙofar shafi ki jawo jakar a hankali, gam ɗin zai yamutse amma guga na gyara shi. Ki tura kusurwoyi da bayan biro ba da almakashi ba, ki ninka bakin ƙofar ki take, ki tura shafi ciki. Wajen guga ki cusa tawul a ciki ya cika ta sannan ki bi gefunan. In kina son gindin ya zauna sosai ki yanko roba mai ɗan tauri faɗi inci 3 tsawo inci 13, ki rage mata kaɗan ki sa mata riga da ragowar shafi ki ajiye a ciki, kwali kam kar ki sa, ranar da aka wanke jakar ya gama aiki.