Darasi na Tara: Ruwan Azurfa da Ake Haɗawa a Gida

Duk wanda ya taso a ƙasar Hausa ya san azurfa, domin da ita maƙeran farfaru suke ƙera zobba da awarwaro da 'yan kunne, daga Kano har Agadas. Wannan darasi zai yi bayani ne a kan wani amfani dabam da wasu mutane suke yi da ita, wato narkar da ita a ruwa domin a sha a matsayin magani. Masu tallarsa a waya suna kiransa kolodiyal silba, mu kuwa za mu kira shi ruwan azurfa. Ana samunsa a kwalabe, akwai kuma bidiyoyi masu yawa da suke koya wa mutum yadda zai haɗa abinsa a ɗaki.

Yadda ake haɗa shi

Mai haɗawa yakan samo wayoyi biyu na azurfa, ya tsoma su a cikin kofin gilashi mai ɗauke da tataccen ruwa irin wanda ake zuba wa batirin mota, sannan ya jona su da batir. Idan wuta ta ratsa ruwan, sai azurfar da ke jikin waya ɗaya ta riƙa zaizayewa kaɗan-kaɗan tana shiga cikinsa. Bayan wani lokaci akan ga 'yan kumfa a jikin wayar, ɗaya daga cikin wayoyin ta yi baƙi, ruwan kuma ya koma ruwan ɗorawa mai haske ko ya yi toka-toka. Ƙwayoyin azurfar da suka shiga ruwan ƙanana ne ƙwarai, ido ba ya ganinsu, kuma ba sa kwantawa a gindin kofin da wuri.

Sauƙin aikin shi ne abin da yake yaudarar mutane. Mai haɗawa a gida ba shi da abin da zai auna yawan azurfar da ta shiga ruwan, saboda haka kofin yau zai iya ninka na jiya ƙarfi sau da yawa ba tare da ya sani ba, domin zafin ruwan da ƙarfin batirin da tsawon lokacin duk suna canza abin da zai fito. Idan aka yi amfani da ruwan rijiya ko na famfo, ko aka barbaɗa gishiri don aikin ya yi sauri, azurfar takan haɗu da sinadarin da ke cikin gishirin, ruwan ya yi fari kamar an ɗiga masa madara. Sannan azurfar ado ba zalla ba ce. Ko mai kyau a cikinta, wadda ake buga wa lamba 925, kashi 92.5 cikin ɗari ne azurfa, sauran galibi jan ƙarfe ne da ake ƙarawa don ta yi ƙwari, balle kuma wadda aka saya a kasuwa ba a san da me aka gauraya ta ba.

Gaskiyar da ke cikin maganar

Gaskiya ne azurfa tana kashe ƙwayoyin cuta idan ta taɓa su kai tsaye, kuma likitoci sun daɗe da sanin haka. A shekarun 1880 wani likita Bajamushe mai suna Carl Credé ya fara ɗiga wa jarirai sabbin haihuwa maganin ido mai sinadarin azurfa, wanda ya kuɓutar da yara masu yawa daga makanta. Har gobe asibitoci suna shafa wa masu ƙuna wani farin man shafawa mai azurfa a ciki, akwai kuma bandeji na musamman da ake yi da ita. Amma ku lura da kyau, duk waɗannan a waje ake amfani da su, a kan fata ko a ido, da awo sananne, kuma a hannun ma'aikacin lafiya. Da magunguna irin su fenisilin suka yaɗu a shekarun 1940, sai likitoci suka ajiye mafi yawan magungunan azurfa na da, saboda an sami waɗanda suka fi su aiki.

Abin da yake faruwa idan aka sha

Jikin ɗan Adam yana bukatar ƙarfe irin wanda yake ƙara jini, yana bukatar zink da aidin, amma ba a san wani aiki ko ɗaya da azurfa take yi a cikinsa ba. Wanda yake shan ruwanta kullum, jikinsa ba ya iya fitar da ita duka, sai wani ɓangare ya riƙa taruwa a fata da dasashi da farce da farin ido, har da hanta da ƙoda. Idan hasken rana ya bugi azurfar da ke cikin fata sai ta yi duhu, kamar yadda takardar hoto ta da take yin baƙi idan haske ya taɓa ta. Daga nan fuska da wuya da hannuwa su koma shuɗi-shuɗi mai toka. Likitoci suna kiran wannan larura arjiriya, kuma launin ba ya wankuwa, ba ya kuma tafiya ko da mutum ya daina sha. A jikin mai baƙar fata canjin yakan yi wuyar ganewa da farko, don haka rashin ganinsa a madubi ba shaida ba ce cewa ba ta taruwa.

An ga wannan a zahiri a Amurka. Wani mutum mai suna Paul Karason ya shafe shekaru yana haɗa ruwan azurfa a gidansa, yana sha yana kuma shafawa a fuska, har fatarsa ta koma shuɗiya, aka nuna shi a talabijin a 2008, kuma da wannan launi ya rasu a 2013. Haka ma Stan Jones, ɗan siyasa a jihar Montana, wanda ya fara haɗa nasa a 1999 saboda tsoron kada magunguna su yanke idan kwamfutoci suka rikice a shigowar shekarar 2000, shi ma fatarsa ta sauya. A shekarar 1999 ɗin ce hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yanke hukuncin cewa ba a tabbatar da amincin ruwan azurfa da ake sayarwa a matsayin magani ba, ba a kuma tabbatar yana warkar da wata cuta ba. A 2020 hukumar ta gargaɗi masu tallarsa da sunan maganin korona.

Akwai wata illa da ta fi canjin launi tayar mini da hankali. Azurfa tana hana hanji tsotse wasu magunguna yadda ya kamata, cikinsu akwai tetirasaikilin da sifirofulokzasin da kuma tairokzin da ake ba masu larurar ƙwayar tayirod da ke wuya. Mai taifot da yake shan maganin asibiti yana bin sa da ruwan azurfa yana rage wa maganin ƙarfi da hannunsa. Wanda ya fi shi shiga haɗari shi ne wanda ya ajiye maganin maleriya ko na tarin fuka ko na ƙanjamau ya dogara da kofin nan, domin cutar za ta ci gaba da cin jikinsa yana zaton yana jinya. Mai juna biyu da mai shayarwa da ƙananan yara kada su kusance shi ko kaɗan.

Inda azurfa take da amfani a gida

Idan burin mutum shi ne tsabtace ruwan sha, akwai hanyar da azurfa take shiga ba tare da an kwankwaɗe ta ba. A 1981 wani masani ɗan ƙasar Gwatamala, Fernando Mazariegos, ya ƙirƙiro tukunyar tace ruwa. Ana kwaɓa yumɓu da ɓuntun shinkafa ko ƙurar katako, a gina tukunya, a gasa ta. Wuta tana cinye ɓuntun, sai ta bar ƙananan ƙofofi a jikin tukunyar, sannan a shafe ta da ruwan azurfa da aka auna a masana'anta. Akan ɗora ta a bakin bokiti mai murfi da famfo, a zuba ruwa a sama, ya riƙa ɗiga a hankali, kimanin lita ɗaya zuwa uku a awa guda. Ƙofofin ne suke tare laka da mafi yawan ƙwayoyin cuta, azurfar kuma tana taimakawa wajen kashe su da hana su hayayyafa a jikin tukunyar. An yi irin wannan tukunya a Tamale da ke arewacin Gana, inda ƙungiyar Pure Home Water ta riƙa raba ta ga gidaje.

Wanda ba shi da ita, ya tace ruwansa da tsabtataccen ƙyalle, ya dafa shi har ya tafasa sosai na aƙalla minti ɗaya, ya bar shi ya huce a rufe, ko ya ɗiga maganin kulorin bisa awon da aka rubuta a jikin kwalbar. A riƙa wanke randa, a kuma ware moɗa guda don ɗiban ruwa.

Aikin aji

Kowane ɗalibi ya zo da kwalbar magani ɗaya daga gida a zama na gaba. Malami zai taimaka muku ku nemo lambar rajistar NAFDAC, wato hukumar kula da abinci da magunguna ta Najeriya, da sunan kamfanin da ya yi maganin, da ranar da zai daina aiki, sannan ku kwafe su a littattafanku da hannunku. Wanda ya san yana shan ruwan azurfa, ko wani a gidansa yana sha, ya dakatar da shi, ya ɗauki kwalbar tare da sauran magungunan da yake amfani da su ya kai wa likita ko ma'aikacin lafiya mafi kusa, ya gaya masa tsawon lokacin da ya ɗauka yana sha.