Yadda na gyara matsalar ƙonewar inabi a lambunmu

Shekara biyu a jere, inabin da mahaifinmu ya dasa a lambunmu na gefen Argungu yana ƙonewa kafin ya nuna. 'Ya'yan sukan fito a watan Maris, sai zafin Afrilu, wanda kan haura digiri 40 a ƙasar Kebbi, ya busar da su a kan reshe. Da farko na ɗora laifin a kan ƙarancin ruwa, na ƙara ban ruwa, amma ganye kaɗai ya ƙaru.

Daga baya na gane cewa kuskuren yana ga lokacin datse rassa, domin mukan datse a Janairu. Manoman inabi na Nashik a Indiya, inda ake zafi irin namu, sukan yi datsewar da ke kawo 'ya'ya a Oktoba. Na bi wannan tsari da zarar damina ta ɗauke, don 'ya'yan su girma cikin sanyin hunturu. Na kuma shimfiɗa buntun shinkafa a gindin kowace kuringa, na bar ganye mai yawa ta ɓangaren yamma ya yi wa 'ya'yan inuwa. Bana mun tsinke inabinmu a ƙarshen Fabrairu.