Shigar da ta dace da gidan wasan waƙa da rawa a Landan da New York

Gidajen wasan unguwar West End ta Landan da na unguwar Broadway a New York ba su da dokar tufafi. Babu mai tsare ka a ƙofa don ba ka sa kwat ba. A sahu ɗaya za ka ga mai wandon jins da kambas, gefensa mai kwat da nakatai, gaba kaɗan ga wata ta ci ado kamar za ta gidan biki. Bene na farko da ake kira Dress Circle ya samo sunansa ne tun zamanin da sai mutum ya yi shigar manya kafin ya zauna a wurin, amma yau sunan kaɗai ya rage. Kaftani, abaya, atamfa, duk suna shiga, kuma suna fitar da mutum kunya. Masu doka a wurin biyu ne: kujerar da za ka zauna a kai kimanin awa biyu da rabi, da mutumin da ke bayanka, wanda shi ma kuɗinsa ya biya.

Kafin a buɗe akwati, a duba tikiti

Tikiti zai gaya maka lokaci da wurin zama, kuma su ne za su zaɓa maka kaya. A Landan wasan dare galibi ƙarfe 7:30 yake farawa, na rana 2:30. A Broadway na dare 7 ne ko 8, na rana 2 ko 3. 'Yan kallon rana, yara da tsofaffi da baƙi masu yawon buɗe ido, shigarsu ta yau da kullum ce. Ranar Juma'a da Asabar da dare an fi ƙure adaka. Idan gayyata ce ta daren buɗe sabon wasa ko na tara kuɗin agaji, to a karanta katin da kyau, don nan ne kaɗai akan rubuta irin shigar da ake so.

Wurin zama kuma hawa-hawa ne. Stalls shi ne ƙasa, wanda a Amurka ake ce wa Orchestra. Sama da shi Dress Circle ko Mezzanine, sannan Upper Circle, sannan Balcony can ƙololuwa. Yawancin gine-ginen nan sun haura shekara ɗari, kuma an gina su ne don a cusa mutane da yawa. Faɗin kujera bai cika wuce santimita 50 ba, hannun kujera ɗaya kuke rabawa da maƙwabcinka, a benayen sama kuwa dogon mutum gwiwarsa na dukan bayan kujerar gaba.

Abin da ke kan kai

Nan ne shigarmu ta fi samun matsala, don haka a nan za mu daɗe. A ƙasa, musamman a tsofaffin gidaje, kowane sahu ɗan kaɗan ya ɗara na gabansa tudu. Mai kallo ta tsakanin kawunan mutum biyu yake leƙen dandamali. Duk abin da ya ƙara wa kai tsawo ko faɗi ya toshe masa wannan 'yar kafar.

Hajiya, gwaggwaro da ashoke mai fukafukai a bar su a gida. Ɗaurin ture-ka-ga-tsiya ma, idan an tayar da shi sosai, bango ne ga ta baya. Abin da ke aiki shi ne ɗankwali mai taushi a ɗaure shi kwance, ƙullin ya sauko ƙeya, ko kuma a yi naɗin mayafi wanda ya bi siffar kai. A kula da acuci da ƙaton ribom da ake sawa a ƙarƙashin mayafi don ya tashi, domin tsawon da suke ƙarawa bai gaza na hula ba. A tufke gashi ƙasa-ƙasa, daidai wuya. Gyale mai santsi kuma a kafe shi da fil biyu ko uku, in ba haka ba duk minti biyar hannu zai tashi gyara, kuma kowane ɗaga hannu na baya yana ganinsa a gaban fuskar mawaƙi.

Alhaji, zanna sabuwar wanki da ta sha guga a kan kwando tana ƙara wa mutum inci biyu zuwa uku. Dara da dogon kube haka. Mafita uku ce. Ko ka sa tashi-ka-fiye-naci wadda ke kwanciya a kai, ko ka shiga da zannarka ka cire ta ka ɗora a cinya da zarar an rage fitilu, ko kuma tun wajen sayen tikiti ka zaɓi sahun ƙarshe na sashenka inda bango ne a bayanka. Kada ka ajiye hula a ƙasan kujera. Masu wucewa za su taka ta, ga kofunan abin sha da ake ajiyewa a wurin suna kifewa.

Riga: yadi nawa kujera ke ɗauka

Kaftani da wando yadi huɗu ne zuwa biyar, kujera tana ɗaukarsu lafiya lau. Babbar riga da 'yar ciki da wando yadi goma ne, kuma rabinsu a cinyar maƙwabci za su kwana. Ƙari a kan haka, mai babbar riga ba ya rabuwa da saɓa hannunta a kafaɗa, wanda a fili ƙasaita ce, a sahun da ke cike kuwa mari ne ga na kusa. Wanda ya ga lallai sai ita, ya ninke hannayen biyu bisa kafaɗa kafin ya zauna, ya tattaro gindin tsakanin ƙafafunsa, ya nemi kujerar bakin hanya. Amma a nan ma da sharaɗi: a wasu wasannin 'yan wasa suna ratsowa ta tsakanin 'yan kallo. A The Lion King, wanda ake yi a gidan wasan Lyceum na Landan tun 1999, da buɗe wasa ake shigowa da manyan siffofin dabbobi ta hanyoyin da ke tsakanin kujerun ƙasa. Leɓen riga ko jaka da ya fito hanya na iya kayar da mutum.

Ga mata, doguwar riga mai ɗan saki ko abaya ta fi siket ɗin da tela ya matse a gwiwa. Dalili shi ne matakala. Benayen sama suna da gangare sosai, matakan gajeru ne, wani lokacin kuma a cikin duhu za a sauka. Rigar da ke jan ƙasa a rage mata tsawo ta tsaya a idon sawu. Zani ɗaurin ƙugu yana kwancewa idan ana yawan tashi, kuma za a tashi, don duk wanda zai wuce sai sahun gaba ɗaya ya miƙe kujeru sun naɗe.

Shadda sabuwa mai maiƙo, ko wadda ta sha sitaci da bugu, tana da murya. A gidan biki ba a ji, amma lokacin da mawaƙiya ɗaya ta rage a dandamali, makaɗa sun sassauta, mutum dubu sun yi tsit, gyara zama ɗaya da shadda sai a ji ƙwaram har sahu uku. A zaɓi wadda aka wanke sau biyu ko uku ta yi laushi, ko yadi mai taushi. Awarwaro fiye da ɗaya a hannu ɗaya su ma kiɗa suke yi, musamman wajen tafi. Leshi mai duwatsu yana kama hasken dandamali ya watsa, abin ya fi muni a sahu uku na gaba inda 'yan wasa ke ganin jama'a. Agogon hannu mai haska fuska idan an motsa, a kashe masa hasken tare da waya.

Sai turare. Humra da turaren wuta da aka turara kaya da shi tun dare suna da daɗi a falon gida mai taga. A ɗakin da babu taga, kafaɗa na gugar kafaɗa, akwai mai asma da mai ciwon kai, kuma ba su da inda za su matsa. Fesawa ɗaya ko biyu, awa guda kafin fita, ta wadatar. Kayan da aka yi wa kabbasa a shanya su su sha iska tukuna.

Sanyi a waje, zafi a ciki

A Disamba rana na faɗuwa a Landan kafin ƙarfe 4, sanyin dare yakan sauko kusa da digiri 3. New York a Janairu yakan yi ƙasa da sifili. Cikin gidan wasa kuwa da ɗumi, kuma zafi sama yake hawa, shi ya sa 'yan Balcony ke gumi alhali na ƙasa suna lafiya. Da bazara abin juyawa yake yi a Broadway: waje zafi, ciki na'urar sanyaya ɗaki kamar firji.

Dabarar ita ce kaya hawa uku waɗanda za a iya rage na samansu a zaune. Na ciki siririyar rigar ɗumi mai kama jiki da wandonta, ba sa nunawa a ƙarƙashin kaftani ko abaya. Na tsakiya shigarka. Na waje jaket mai naɗuwa. Suwaitar da ake cirewa ta kai ba ta dace ba, don za ta tafi da hula ko ɗankwali, gwiwar hannu kuma ta sami maƙwabci, gara mai maɓalli ko zif a gaba. Wasu gidajen na da wurin ajiyar kwat da ake biyan 'yan kuɗi, wasu babu, inda akwai kuma layin karɓa bayan an tashi yana cin lokaci. Ƙatuwar rigar sanyi mai kumbura in ba a ajiye ta ba, a cinyarka za ta ƙare wasan.

Gidan wasan fili na Regent's Park a Landan, da ke aiki da bazara, ba shi da rufi. Da rana ta faɗi sanyi ke saukowa ko a watan Yuli. A tafi da rigar ruwa mai hula da ɗan bargo, domin lema in an buɗe ta na baya ya daina gani.

Takalmi da jaka

Tafiyar ƙafa ta fi yadda ake zato. Tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Covent Garden, da ke West End, ba ta da matakala mai tafiya da kanta, lif ne kawai, wanda ya ƙi jira kuma matakai 193 ke gabansa. Dandalin unguwar shimfiɗar duwatsu ce mai cin tsinin takalmi. A sa mai faɗin dunduniya wanda bai wuce inci biyu ba, ko fulat. Takalmin fata buɗaɗɗe da ake sawa da kaftani na bazara ne, da hunturu sai sau-ciki da safa mai kauri. Sabon takalmi kada ranar ta zama ranar fara sa shi.

Ana buɗe jaka a duba a ƙofa, kuma gidaje da yawa ba sa barin a shiga da akwati ko ƙatuwar jakar goyo. Wanda ya biya kasuwa a titin Oxford na Landan ya fara kai ledojin masauki. 'Yar jakar da za ta zauna a cinya ta isa: waya, katin banki, tishu, ƙaramin mayafi na ƙari. Alewar tari a ɓare ta tun kafin a fara, don ƙarar ledarta ta fi tarin damun mutane. A iso minti 30 kafin lokaci. Wanda ya makara akan tsayar da shi a waje sai an kai wata gaɓa a wasan, sannan ya ratsa sahu a duhu da duk yadin da ke jikinsa.

Hutun tsakiya minti 15 ne zuwa 20, bayan gida kuma kaɗan ne, layin mata yakan kai har matakala. Ba wurin alwala ba ne. A yi ta a masauki, a duba lokacin Magariba tun da wuri, don da hunturu wasan 2:30 yana ƙarewa bayan rana ta faɗi. Rigar da zif ɗinta ke baya sai an taimaka, da hijabi mai jan ƙasa a ɗan ɗakin da ƙasansa ke jiƙe, duk suna cinye hutun.

A Legas, inda ake irin waɗannan wasanni a Terra Kulture da ke Victoria Island da cibiyar MUSON a Onikan, musamman a Disamba, an fi cin ado kuma kayan gida su ne sarauta. Na'urar sanyi kan yi ƙarfi, don haka mayafi mai kauri ko 'yar jaket na da amfani, maganar tsawon ɗauri kuma tana nan daram.

Gwaji kafin a fita

A sa kayan gaba ɗaya, har takalmi da abin kai. A jawo kujerar cin abinci a fuskanci bango, gwiwa na taɓa shi, a zauna minti goma. Wandon da ke cin ƙugu, ɗan kunnen da ke maƙale mayafi, siket mai hawa sama, duk za su bayyana. A kashe fanka da talabijin, a gyara zama sau uku, a yi tafi, a saurara. Sannan a sa wani ya zauna taku ɗaya a baya ya faɗi ko yana hango abin da ke bango a saitin kanka. In ya ce sai ya karkata, a sauke ɗaurin ko a canza hular.