Yadda za ka nemi tallafin masu buƙata ta musamman a jami'a ba tare da sirrin lafiyarka ya zaga gari ba

Ƙanwata tana da farfaɗiya tun tana ƙaramar sakandare, kuma da magani ana samun sauƙi sosai, sai dai idan ta yi rashin bacci ko ta shiga cunkoso da zafi abin yakan motsa. A shekararta ta farko a jami'a, ana gab da jarrabawa, aka ce kilas ref ya tattaro sunayen masu lalura domin a ware musu ɗaki mai iska, wanda wallahi niyya ce mai kyau, shi kuma bawan Allah sai ya rubuta suna da lambar rajista da ciwon kowa a takarda ɗaya, ya ɗauki hoto ya tura guruf ɗin WhatsApp na aji wai kowa ya duba ko an yi kuskure a sunansa. Kafin magariba yarinyar da suke ɗaki ɗaya a hostal ta kwashe kofinta da cokalinta ta kulle a loka, saboda a gidansu an gaya mata ana ɗaukar ciwon ta yawu. Ba a ɗauka, amma wa zai tsaya yana bin mutum ɗari biyu yana musu bayani? Tun daga nan na zauna na koyi yadda wannan harka take tafiya, ga shi zan faɗa maka yadda da mun sani za mu bi.

Abu na farko ka san cewa doka na bayanka, ba alfarma kake roƙo ba. Akwai dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya ta 2018 wadda Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, sannan akwai dokar kare bayanan jama'a da Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2023, ita ce ta kafa NDPC, wato hukumar kare bayanai ta ƙasa. Wannan ta biyun ta ware wasu bayanai ta ce su masu tsananin sirri ne, kuma lafiyar mutum na ciki, tare da irin su addini da ƙabila da zanen yatsa. Ma'ana rahoton likitanka ba daidai yake da lambar wayarka ba, ba kowane ma'aikaci ne ke da hurumin buɗe shi don kawai fayil ya biyo ta teburinsa ba.

Daga nan sai ka zauna ka lissafa inda bayananka suka riga suka shiga, don yawanci sun fi yadda kake zato yawa. Tun a rajistar JAMB ake tambaya ko kana da lalura, makafi ma akwai tsari na daban da ake musu jarrabawa ƙarƙashin kwamitin da hukumar ta kafa a 2017 zamanin Farfesa Is-haq Oloyede. Sai fotal ɗin makaranta, sai gwajin lafiya na sabbin ɗalibai a asibitin makaranta, sai ofishin kula da harkokin ɗalibai idan ka nemi ɗaki a ƙasa ko gadon ƙasa, sai dipatmen. Wuri biyar kenan, ban ma lissafa mai shagon kafe da ya yi maka sikanin ba. Shi wannan ka kula da shi sosai, ka tsaya a kansa ya goge takardar daga kwamfutarsa da kwandon shara na kwamfutar a gabanka, don na taɓa shiga wani shago na ga fuskar kwamfuta cike da medikal rifot na mutane, kowa da sunansa ɓaro-ɓaro.

To yanzu ga ainihin inda maganar take, in ma ba ka riƙe komai ba ka riƙe wannan. Akwai bambanci tsakanin sunan ciwo da abin da kake buƙata a yi maka. Likitan asibitin makaranta, ko ofishin da ke kula da masu buƙata ta musamman idan makarantarku na da shi, su ne ya kamata su ga cikakken rahoto. Lakcara kuwa abin da ya shafe shi kawai shi ne: wannan ɗalibi yana buƙatar ƙarin lokaci, ko zama a layin gaba, ko takardar tambayoyi da manyan haruffa, ko mai rubuta masa, ko izinin fita ya sha magani. Ba ya buƙatar sanin sikila ce ko HIV ko ciwon damuwa. Don haka ka roƙi likita ya yi maka takarda biyu, ɗaya cikakka da za ta zauna a fayil ɗinka na asibiti, ɗaya gajera layi uku ko huɗu mai hatimi wadda ke cewa an duba wane kuma an tabbatar yana buƙatar kaza da kaza, shi kenan. Gajerar ita za ka riƙa kai wa HOD da eksam ofisa da lebul kodineta. Wani malamin zai ce "to meye ciwon naka?", sau da yawa tausayi ne ko son sani, ka ce masa cikin ladabi, "Malam, cikakken bayanin yana wurin likitan makaranta, wannan ita ce takardar da suka ba ni in kawo muku." Galibi a nan maganar ke tsayawa.

Amma fa akwai inda ni kaina nake ganin ɓoyewa ba dabara ba ce. Mai farfaɗiya ko asma ko ciwon suga gara a samu mutum ɗaya ko biyu a aji da hostal da suka san me za su yi in abin ya tashi, kar a zo ana ɗura masa ruwa ko ana cusa masa cokali a baki. Bambancin shi ne kai ka zaɓi mutanen da bakinka.

Mataki na gaba, kar ka sa hannu a fom sai ka karanta, ko da layi ya yi tsawo kuma ana maka tsawa daga baya. Ka nemi wurin da aka rubuta me za a yi da bayanan, wa za a ba, har zuwa yaushe za a ajiye. In babu, ka tambaya. Doka ta ce a tattara iya abin da ake buƙata kawai, kuma don dalilin da aka faɗa, saboda haka bayanin da ka bayar don a ba ka ƙarin lokacin jarrabawa ba zai yiwu gobe a miƙa shi ga wata ƙungiyar agaji mai rabon keke ko wani mai bincike na digiri na biyu ba sai an dawo an tambaye ka. Wannan na faruwa sosai, za ka ji an kira ka a waya ana cewa "mun samu lambarka a makaranta". Haka hoto, ranar rabon tallafi ana jera mutane a ɗauka a sa a Facebook, kana da damar cewa a'a kuma ƙin yarda da hoto bai kamata ya hana ka haƙƙinka ba. In kuma shekarunka ba su kai 18 ba, wanda ɗalibai da yawa a aji ɗaya ba su kai ba, amincewar iyaye ko mai riƙo ake nema.

Duk abin da ka miƙa ka ajiye shaida. Orijinal ya zauna a gida, fotokwafi za ka bayar, a cikin ambulan a liƙe da sunan ofishin, kuma ka kai da hannunka, kar ka ba kilas ref ko masinja. Ka sa a buga maka hatimin karɓa da kwanan wata a kan kwafinka. Kar ka tura rahoton likita ta WhatsApp ko da malami ne ya ce ka turo, don wayarsa yaransa ma na wasa da ita, in dole sai ta intanet to ta imel ɗin makaranta.

Idan kuma abin ya riga ya fita fa, kamar namu? Kafin ka yi fushi ka ɗauki sikirinshot da ke nuna rana da lokaci da wanda ya turo, sannan ka nemi admin ya goge nan take. Sai ka rubuta wasiƙa gajera zuwa ga magatakardar jami'a, ka ba shugaban harkokin ɗalibai kwafi, ka tambayi waye jami'in kare bayanai na makarantar, domin manyan makarantu na cikin wuraren da ake sa ran su naɗa irin wannan jami'i. Kar ka yi mamaki in sakatare ya dube ka kamar ka yi masa wani yare, ka dai bar wasiƙar a buga mata hatimi. A ciki ka faɗi me ya fita, ta hannun wa, da abin da kake so a yi. Doka ta ce idan bayanai suka fita ta yadda za su iya cutar da mutum, sai mai riƙe da su ya sanar da NDPC cikin awa 72, kuma in makaranta ta yi biris kai ma kana iya kai ƙorafi hukumar kai tsaye, tarar manyan masu riƙe bayanai tana kaiwa naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa. Mu dai ba mu je can ba, wasiƙar kaɗai ta sa dipatmen ya daina tattara sunaye ta hannun ɗalibai, kuma kilas ref ɗin ya zo har gida ya ba Mama haƙuri.

Kana da damar neman a nuna maka abin da ke cikin fayil ɗinka a kowane lokaci, kuma ka yi hakan ko sau ɗaya ne, saboda kuskure na shiga, mai raunin ji a rubuta shi kurma, ko a bar tsohon magani da aka canza tuntuni. Ka ce a gyara a rubuce.

Na ƙarshe sai lokacin kiliyarans na gama makaranta. Sakamakon jarrabawa da takardun karatu makaranta za ta ci gaba da riƙewa, wannan ba a taɓa shi, amma kwafin takardun lafiya da suka warwatsu a dipatmen da ofishin hostal ka bi su ɗaya bayan ɗaya ka nemi a dawo maka da su ko a lalata. Sai dai kar ka yi gaggawar rabuwa da naka kwafin, domin in za ka tafi bautar ƙasa kana son a bar ka kusa da asibitinka, NYSC za ta nemi rahoton likita, kuma zai fi maka sauƙi ka karɓi sabo daga likitan da ya san ka kafin katin makarantarka ya daina aiki.